Kafin Ku Sayar da Gidan Gado a Agege

Duk wanda ya zaga Zangon Agege zai ga tsofaffin gidajen da 'yan goro suka gina kusa da layin dogo: ɗakuna a jere suna kallon juna, kwano ya yi tsatsa, bango ya sha ruwan damina har ya yi kore. Dillali zai ce muku gidan ya mutu, ku karɓi kuɗi ku huta. Ku lura, ƙasar da ke ƙarƙashinsa yake hange. Tun da aka buɗe gadar Pen Cinema a 2021, jirgin ƙasa na Red Line kuma ya fara tsayawa a Agege a 2024, zuwa Ikeja da Oyingbo ya yi sauƙi, kuma duk inda hanya ta yi sauƙi fili tsada yake yi.

Wani zai ce magada sun yi yawa, ga buƙata, ga ginin yana barazanar rushewa. Gaskiya ne, ba a wasa da rai. Amma gaggawa ce ke karya farashi. A fara raba gado bisa shari'a, a san rabon kowa, mata da marayu a ciki. Sannan a nemi lauya ya duba takardun fili, domin Dokar Filaye ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin mallaka ta koma hannun wani. In babu kuɗin gyara, ana iya ba magini jingina na ƙayyadaddun shekaru a rubuce, fili ya dawo wa jikoki.

'Yan uwa, kada ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku ba.