Amsoshin Tambayoyinku: Ko Talaka Na Da Hannu a Binciken Cuta?

Wani mai sauraronmu daga Amarawa, cikin ƙasar Illela, ya tambaya ko mutumin da bai yi karatun likita ba yana da rabo cikin binciken cututtuka.

Malam, Allah ya ƙara basira, lalle yana da shi, kuma hujja tana ƙofar gidanka. A yaƙin da aka yi da shan inna, ungozoma da wanzamai da masu ɗori da masu unguwanni, waɗanda kafin labari ya kai asibiti su ya riga ya iske, su aka ɗora wa amanar cewa duk yaron da bai kai shekara 15 ba, in ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, su sanar da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, shi kuwa ya ɗebi bayan gidan yaron sau biyu cikin kwana 14, a kai ɗakin gwaji a Ibadan ko Maiduguri. Da irin wannan himma, bi'izinillahi, aka shaida ranar 25 ga Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Sai dai tsari shi ne ginshiƙin al'amarin, musamman a bakin iyaka, inda mutum ke karin kumallo a Amarawa ya yi azahar a Birnin Ƙonni; wajibi ne jami'an ɓangarorin biyu su riƙa musayar labari, kuma haƙƙin wanda ya kawo rahoto ne a koma a gaya masa sakamako.

In kana da niyya, Malam, fara da mai unguwarku.