Ni Kaɗai Ne Likita a Nan, Wa Zai Ɗora Ni a Hanya?

Tambaya: Shekara biyu ke nan ina aiki a yankin Ɗanzomo, babu babban likita kusa da ni. Ina son ƙwarewa a likitancin iyali, amma ji nake an manta da ni.

Amsa: Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Na san nauyin da ke kanka: a wuni guda ka duba yaro mai zazzaɓin cizon sauro, da tsoho mai hawan jini, da mai ciki da ƙafafunta suka kumbura, ba wanda za ka waiwaya ka tambaya. To, ainihin likitancin iyalin ke nan kake yi.

Kada ka zauna jiran a aiko maka da malami, kai za ka nema. Ka je babban asibitin Gumel ka gaida na gaba da kai, ka roƙi guda ya riƙa sauraronka ta waya sau ɗaya a mako. Ka tanadi ɗan littafi kana rubuta cutukan da suka ɗaure maka kai, ban da sunan majinyaci, don kada hirar ta ƙare a gaisuwa.

Ƙwarewa kuwa, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen likitancin iyali mai horar da likitoci. Sai ka fara cin jarrabawar matakin farko ta kwalejin ƙwararrun likitoci, ta Najeriya ko ta Afirka ta Yamma. Ka ware awa guda bayan sallar asuba don karatu, kafin layi ya taru. Takardar neman izinin tafiya horo kuma, ka shigar da ita da wuri, ka riƙe kwafinta.