Wasiƙa zuwa ga yaran shago na Abuja

Ƙannena,

Ina gaishe ku duka, daga masu tsaron shago a kasuwannin Wuse da Utako har masu sanye da rigar aiki a manyan kantunan Jabi da Garki. Da yawanku tun asuba kuke baro Mararaba ko Kubwa, kuma aikin farko da ake damƙa wa sabon yaro shi ne sauke kaya da jera su. An raina aikin, shi ya sa ba mai tsayawa ya koyar da shi.

Buhun shinkafa kilo 50 ne, jarkar man girki lita 25. Saurayi mai jini a jika sai ya sunkuya ya fizgi buhu don a ce masa namiji. Maigida ya yaba, a watse, amma gadon baya ya rubuta bashi, kuma zai karɓa ko bayan shekara goma ne. Ku lura da tsofaffin 'yan dako. Durƙusawa suke yi, su manna kaya da jiki, su miƙe da ƙarfin cinya, in za su juya kuma ƙafa ce ke juyawa, ba ƙugu ba. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya a kama masa, ko a jawo baro. Wanda ya yi muku dariya kan haka ba shi zai biya kuɗin asibiti ba.

A kan kanta, mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama. Kada a taka kiret ɗin lemo don a miƙa hannu sama, a ɗauko tsani.

Inda na fi son ku buɗe kunne shi ne tsohon kaya da sabo. Mota ta kawo sabon katan, gajiya ta kama ku, abu mafi sauƙi shi ne a tura na da can ciki a jera sabo a gaba. Haka madara ke kwana a lungu har wa'adinta ya wuce, wata rana uwa ta saya ta dama wa jaririnta. Ku fito da tsohon gaba, sabo ya bi layi a baya, kuna karanta kwanan wata da lambar NAFDAC. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a cire shi, ko da maigida zai ɓata rai. Maganin sauro, Hypo da sabulu ba sa maƙwabtaka da gari ko sukari, domin abinci na shan wari, wani lokaci har da guba. Da damina kuwa, ga laimar Abuja, buhu ba ya zama a kan siminti, sai an shimfiɗa katako.

Takardar farashi ma aikinku ce. A watan Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta rufe wani babban kanti a Area 11 saboda kuɗin da ke jikin kanta ya saɓa da wanda ake karɓa wurin biya. In farashi ya canza, a canza takarda nan take.

Waɗanda suka ga gobarar kantin Next Cash and Carry ranar 26 ga Disamba, 2021 sun san yadda wuta ke cin kanti mai cike da kaya. Kwali da leda da mai abincinta ne. Kada a jibge su kusa da janareto ko wayar lantarki, kada a toshe ƙofar fita da katan ko na minti biyar ne, kuma kowa ya san inda tukunyar kashe wuta take da yadda ake zare mata fil.

In tsautsayi ya faɗa wa ɗayanku, kada kunya ko tsoron kora su sa ya ɓoye. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita. Ku tambayi masu kantin ko sun yi muku rajista, sannan duk raunin da aka ji a bakin aiki a sanar da shugaba ranar da abin ya faru, a rubuce.

Allah Ya yi wa nemanku albarka.

Wassalam,
Yayanku