Da Nahawu Ake Fara Koyar da Sifaniyanci Ko da Hira?

Tambaya: Ni malamin Faransanci ne a Lambata, kusa da Suleja. Na ɗan iya Sifaniyanci, kuma samarin da ke cika gidan kallon ƙwallo saboda Real Madrid da Barcelona sun matsa mini in koya musu. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri. Fara da hira. Tsohuwar hanyar haddar nahawu da fassara tana yaye ɗalibin da ya iya cike takarda, amma in aka gaishe shi sai baki ya mutu. Wadda ta biyo bayanta, ta maimaita jumla bayan malami, tana gyara lafazi, sai dai takan tsaya nan. Tun shekarun 1970 masana suka karkata ga koyarwa ta hanyar sadarwa, wato a ba ɗalibi abin da zai yi da harshen: ya yi cinikin doya, ya tambayi motar Minna, ya faɗi wanda ya ci ƙwallo jiya. Nahawu sai ya shigo daidai inda aka buƙace shi.

Shawarar da na fi so ka riƙe ita ce kada ka bi da su ta Ingilishi. Ka yi bayani da Hausa kai tsaye, domin Bahaushe na da rabo a nan. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa. Karkaɗa "r" da ke ba Bature wuya, mu da ita muka tashi. Sunaye kuma sun rabu namiji da mace, yawancin na mata suna ƙarewa da "a", kamar namu.

Wahalar tana wajen aikatau. Mu a gaba muke nuna mai aiki da lokaci, na ci, ka ci, za mu ci. Su kuwa ƙarshen kalmar ke sauyawa. Nan kam sai haƙuri da yawan maimaitawa, kaɗan-kaɗan a kowane zama.

Wanda ya yi nisa yana iya neman shaidar DELE, wadda cibiyar Cervantes da aka kafa a 1991 ke shirya jarrabawarta, daga matakin A1 zuwa C2. Ka kuma faɗa musu ba sai an je Turai ake jin harshen ba: a maƙwabciyarmu Ikwatoriyal Gini, da shi gwamnati ke aiki.