Darasin Wata: Kamfani Ya Taƙaita Sunansa, Da Wanne Za Mu Kira Shi?

Darasinmu na wannan wata a kan suna yake, sunan kamfani.

Kowa ya san yadda muke yi da sunayen mutane. Abubakar ya koma Habu, Muhammadu ya koma Mamman, Hadiza ta koma Dije. Amma ranar da Habu zai buɗe asusu a banki, Abubakar zai rubuta. To, kamfanoni ma sukan taƙaita sunansu. Sai dai nasu ya kasu biyu, kuma wanda bai san bambancin ba yana iya yin asara.

Ɗauko man Robb ko sabulun Premier, ka duba jikinsa da kyau. Za ka ga an rubuta PZ Cussons. Haruffan nan biyu ana karanta su "Pi Zed". Wasunmu kan ce "Fi Zed", kuma ba laifinsu ba ne, domin babu harafin P a cikin baƙaƙen Hausa. Malamin aji ya rubuta shi a allo kusa da F, kowa ya ga bambancinsu.

Daga ina haruffan suka fito? Sunayen mutum biyu ne, George Paterson da George Zochonis. Turawa ne 'yan kasuwa da suka fara ciniki a ƙasar Saliyo. Sun kafa kamfaninsu a shekarar 1884, suka haɗa sunayensu suka kira shi Paterson Zochonis. A 1899 suka buɗe reshe a Legas. Ka gwada faɗin sunan nan sau uku a jere, za ka gane dalilin da ya sa masu ciniki suka ɗauki harafin farko na kowane suna, suka ce PZ kawai. A 1975 kamfanin ya sayi wani kamfanin sabulu na Ingila mai suna Cussons. Sai a 2002 uwar kamfanin, wadda ke birnin Mancesta, ta ajiye dogon sunan, ta koma PZ Cussons a takarda. Wato jama'a ne suka fara taƙaitawa, kamfani ya biyo baya.

Wannan shi ne kashi na farko: an taƙaita suna a hukumance. Tsohon ya tafi, haruffan sun zama sunan yanka.

Kashi na biyu kuwa, misalinsa bankin UBA. Kowa UBA yake cewa, haka kuma yake a allon ƙofar bankin. Amma cikakken sunansa yana nan, United Bank for Africa. Ku lura yadda aka yi: an ɗauki U, aka ɗauki B, aka tsallake ƙaramar kalmar tsakiya, aka ɗauki A. A nan haruffan kamar Habu ne. Abubakar bai je ko'ina ba.

To, da wanne za mu kira kamfani? A baki, babu wata wahala. Faɗi wanda mai sauraronka zai gane. Baki ba ya bin takarda da sauri. An soke NEPA tun 2005, amma har gobe idan fitila ta kama, yara "NEPA" suke ihu, kuma babu wanda ya rasa abin da suke nufi.

Idan kana ba da labarin da, kira kamfanin da sunan da yake da shi a lokacin, sannan ka ƙara da na yanzu. Tsoho mai ba jikokinsa labarin kantunan Turawa na zamanin gyaɗa zai ce, "Paterson Zochonis, wanda yanzu ake kira PZ Cussons." Ya faɗi gaskiyar tarihi, yaran kuma sun gane.

Inda maganar take da nauyi shi ne a takarda: rasit, cek, yarjejeniyar bashi, takardar neman aiki, takardar ƙara. A nan ba a yin son rai, ba a kuma bin abin da aka ji a kasuwa. Sunan da kamfani ya yi rajista da shi ake rubutawa, harafi da harafi. A Nijeriya hukumar da ke rajistar kamfanoni ita ce CAC, wadda aka kafa a 1990. Ita ke ba kamfani lamba mai farawa da RC. Kamfanin da ya canza suna sai ya sanar da ita, ta ba shi sabuwar takardar shaida. Saboda haka ka duba saman takardar kamfanin ko ƙasanta. Sunan da ke tare da lambar RC, shi za ka kwafa.

Na taɓa ganin abin da rashin wannan ya jawo. Wata ƙungiyar manoma a wani ƙauye da nake zagayawa ta sayar da waken suya. Mai sayen ya rubuta musu cek da gajeren sunan da kowa ke kiransu da shi. Asusunsu na banki kuwa da dogon sunan aka buɗe shi. Banki ya ƙi karɓa. Ma'aji ya yi tafiya gari sau uku, kuɗin mota daga aljihun ƙungiya. Kafin a sake cek, ruwa ya sauka, taki kuma ya ƙara kuɗi. Wasu 'yan ƙungiyar har sun fara zargin ma'aji da cin amana, alhali bawan Allah bai taɓa ko kwabo ba. Ni ban ga laifin bankin ba. Da ya biya, gobe wani ma zai iya zuwa da haruffa iri ɗaya ya kwashe kuɗin mutane.

Domin kuwa haruffa sukan yi karo. Dattawanmu idan suka ji NPC, jam'iyyar su Sardauna suke tunawa. Matasa kuwa hukumar ƙidayar jama'a suka sani da wannan suna. Haruffa uku, abu biyu daban. Mazambata sun san haka. Sukan buga haruffa masu kama da na babban kamfani a buhun taki ko kwalbar maganin feshi. Idan baƙo ya zo maka da haruffa kawai, tambaye shi cikakken suna da lambar rajista da adireshi. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Wani ɗalibi ya tambaye ni, idan kamfani ya canza suna, bashin da ake bin sa ya faɗi ke nan? A'a. A doka kamfanin yana nan, riga kawai ya sauya. Abin da ake bin sa zai biya, abin da yake bin ka za ka biya. Kada ka yar da tsohon rasit don sunan da ke kai ya tsufa.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya zo aji da leda ko kwali ko rasit guda biyu masu ɗauke da haruffan kamfani. Ya kwafe haruffan a littafinsa, ya nemi cikakken sunan a jikin kayan idan akwai shi, ya rubuta a ƙasa. Malami ya taimaka wajen karantawa.