Yadda A Ke Auna Ƙarfin Rijiya

Duk wanda ya san labarin Kusugu ya san darajar ruwa a ƙasar Daura, inda aka ce dā sai ran Juma'a kaɗai a ke ɗiba. Har yanzu damina gajeriya ce, rani kuwa dogo, saboda haka kafin a kashe kuɗi a kafa famfo wajibi ne a san ko rijiya za ta jure.

Ga yadda a ke yi. Sai a yi ta jan ruwa daga rijiya ɗaya ba ƙari ba ragi, mu kuwa muna wata rijiya kusa da ita da agogo da igiyar awo, muna rubuta inci nawa ruwa ya sauka bayan minti 10, da 30, da 60.

A 1935 wani Ba'amurke, Theis, ya nuna cewa saukan nan ya rataya ga abu biyu da ido ba ya gani, watau sauƙin da ruwa ke samu wajen ratsa ƙasa, da yawan da ƙasar ta ke saki. Amma lissafinsa ba ya fita kai tsaye, domin amsar faɗin fili ce ƙarƙashin wani lanƙwasasshen layi. Sai mu yanka filin siri-siri, kamar mai auna karkatacciyar gona, mu auna kowane yanki, mu tara.

To, sai mu kintaci abu biyun nan, mu yi lissafi, mu gwada da awonmu. A ce mun auna inci 4, 7, 9, lissafi ya ba da 5, 7, 11. Bambanci 1, 0, 2 ke nan. Mu riɓa kowanne da kansa, don kada ƙari ya cinye ragi, jimla 5. Sa'an nan mu sāke kintace, mu yi ta yi har jimlar ta ƙi raguwa. Legendre na Faransa ya buga dabarar nan a 1805. Dā da takarda mai shara-shara a ke daidaita layi da awo, yau kwamfuta ke yi.

Amma fa mu lura, 'yan'uwa. Idan awo ya ƙi bin layi, kada mu taɓa awon. Wataƙila akwai dutse ko yumɓu a ƙasa wanda lissafin bai san da shi ba, kuma gara a gano shi tun ba a sayi famfo ba.