Yadda Ake Kare Indararo da Ragar Ƙarfe a Birnin Zazzau

Duk wanda ya tashi a cikin Birnin Zazzau ya san ƙarar indararo a daren Agusta. Ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, kai kuwa kana kwance kana jin saukarsa a tsakar gida ba ƙaƙƙautawa. Muddin wannan ƙara na tashi, maigida na iya gyara kwanciya ya ci gaba da barci. Abin tsoro shi ne ana ruwa indararo ya yi tsit. Ruwan da bai fito ta baki ba yana can ya kwanta a kan soro yana neman wata hanya, ita ce kuwa ta cikin ƙasar rufi, ya bi azara, ya ɗigo a kan gado.

Ruwan ba kaɗan ba ne. Ɗaki mai faɗin mita 4 da tsawon mita 4, idan aka yi ruwa na milimita 30 a dare ɗaya, lita 480 ce ke sauka a kansa, wato ya haura duro biyu, nauyinsa kuma kilo 480. Zariya na samun ruwan da ya kai wajen milimita 1,000 a shekara. Duk wannan ta 'yar kafa ɗaya ko biyu zai fita. Tun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a wajajen shekarun 1830 a sarautar Sarkin Zazzau Abdulkarim, magina sun san cewa ginin ƙasa ba ya tsoron ruwan da ke wucewa. Wanda ya kwanta shi ne ajalinsa.

Abokan gaban indararo

Na farko ganye ne. Birnin nan garin rimi ne, shi ya sa ma ake da unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Rimi na zubar da ganye da rani, daga ƙarshen hunturu zuwa bazara kuma 'ya'yansa su fashe, auduga ta bi iska. Ga darbejiya da mangwaro da tsamiya, ga kuma ledar ruwa wadda ta fi su duka iya toshe kafa. Iska na tara su a lungun rawani, ɗan bangon da ya zagaye rufi, daidai inda soro ya gangara, wato bakin indararo.

Na biyu su ne masu neman gidan haya kyauta. Watannin da kafar ke zaune a bushe sun ishi tsuntsu ya yi sheƙa, ɓera ya jawo tsumma, zanzaro ya yi gininsa, rina ta kafa sansani. Jemage da tsuntsaye kan yar da ƙwallon darbejiya ko 'ya'yan cediya, da ruwan fari ya sauka sai su tsiro, saiwa ta shiga bango. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa saiwa ce ke fara yi masa hanya. Ɗan ruwan da ya rage a bayan tarkacen kuma ya zama makwancin sauro.

Na uku wuta ce. Da hunturu ana ƙona shara a bakin kududdufi, yara na cinna wa ciyawar gindin ganuwa wuta don farautar gafiya, ana jin ɗumi a ƙofar gida. Iska kan ɗauki tartsatsi ta jefa shi kan rufi. Ƙasar soro ba ta cin wuta, amma busasshen ganye da audugar rimi kamar fetur suke. Daga nan wuta na iya kama harawar da aka jibge a sama, ko garwashi ya gangaro ta indararo ya faɗa kan rumfar zana. A gidan kwano abin ya fi muni, domin katakon rufi na nan dab da magudanar. A Ostareliya, inda gobarar dajin 2019 zuwa 2020 ta cinye gidaje sama da 3,000, an daɗe da gane cewa tartsatsin da iska ke kawowa shi ke kama yawancin gidaje tun kafin harshen wuta ya iso. Shi ya sa ƙa'idar gininsu ta yankunan gobara ta tanadi ragar ƙarfe wadda idonta bai wuce milimita 2 ba.

Kayan aiki

Raga iri biyu ake bukata. Ta farko mai manyan ido, milimita 6 zuwa 12, irin wadda magina ke tankaɗe yashi da ita. Wannan ta damina ce. Ta biyu mai ƙananan ido, irin ragar sauro ta ƙarfe da ake sa wa taga. Wannan ta rani ce. A nemi wadda aka yi wa rufin sanholo irin na kwano don kada tsatsa ta cinye ta a damina ɗaya. Ta roba ba ta cikin lissafi: rana na gasa ta ta farfashe, ɓera na gutsure ta, wuta kuma na narkar da ita. Ana samun su wurin masu kayan gini a Tudun Wada da Sabon Gari.

Sai almakashin yanka kwano, filaya, wayar ɗauri, tef na awo, safar hannu, tsintsiya, doguwar sanda, buhu, tsani mai ƙwari da bokitin ruwa biyu.

Mataki na 1: Sallama kafin hawa

Gidajen birni a manne suke, wanda ya hau soro yana kallon tsakar gidan mutane uku ko huɗu. Saboda haka a fara tura yaro ya shiga maƙwabta ya ce, "Wai in ji Baba, za a hau sama," a kuma ba mata lokaci su kimtsa. A zaɓi safiya, rufi a bushe. Ba a taka soron da ya sha ruwa jiya, ƙafa na lotsa shi. A dubi inda wayar lantarki ta ratsa, domin ragar da ke hannunka ƙarfe ce. A sa mutum ya riƙe tsani.

Mataki na 2: Shara da zungura

A share rufin gaba ɗaya, daga tudu zuwa gangare, a kwashe a buhu. Kada a tura sharar ta cikin indararo don neman sauƙi. Kafar kuwa da sanda ake zungurarta, ba da hannu ba, saboda kunama da rina. In an tarar da tsiro, a cire shi har saiwa. In sheƙa ce da 'yan tsaki a ciki, a ɗaga musu ƙafa har su tashi. Shi ya sa aka fi son yin aikin tun da sauran rani.

Mataki na 3: Gyara kafin rufewa

Raga ba ta maganin indararon da ya riga ya lalace. A duba ko na kwano ne ya huje, ko na giginya ne ya ruɓe, ko bakinsa ya ɗaga sama maimakon ya sunkuya. Tsawonsa ya kai aƙalla kamu ɗaya daga bango, yadda ruwa ba zai riƙa cin gindin gini ba. Wurin da ya fi yawan ba da matsala shi ne ƙarƙashinsa, inda ya haɗu da ƙasar rufi. In akwai tsaga a nan, a kira magini ya liƙe da ƙasar da aka kwaɓa da makuba, ko laso in ana samu, ko kwalta. Siminti ba ya zama lafiya da jar ƙasa: yana ɓamɓarewa, ruwa ya shige bayansa ya ɓuya.

Mataki na 4: Ɗinka kwando

Nan ne gwanintar take, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Mutum zai yanko raga daidai faɗin kafa ya manna a baki kamar faci. Ganye biyar da leda ɗaya sun isa su rufe ta ruf, sai soro ya koma tafki. Da irin wannan rawa gara ƙin tashi. Na taɓa jin wani maigida na gardama da tsohon magini a kan haka.

"Baba, ai kafar taƙi ɗaya ce, me za a yi da wannan uban ragar?"

"Alhaji, ba kafar za mu rufe ba. Shinge za mu yi mata."

Shingen shi ne kwando. A yanko raga mai manyan ido, tsawo kamar santimita 70, faɗi 25. A lanƙwasa ta rabin da'ira, kamar an raba akurki biyu, yadda gefunanta biyu za su jingina da rawani hagu da dama, cikinta kuma ya yi nesa da bakin kafa da kamar taƙi ɗaya. A kalmashe santimita 5 na ƙasa zuwa waje ya zama ƙafa. A yanko wani gutsure a yi murfi, a ɗinke da waya. Duk bakin da almakashi ya bi a kalmasa shi da filaya, don kada ya yanki hannu ko ya riƙa kama leda.

Hikimar ita ce, ganye zai taru a gindin kwandon, ruwa ya ɗan taso ya wuce ta samansa. Ko rabin ragar ta toshe, abin da ya rage ya fi kafar kanta faɗi.

Mataki na 5: Kafawa ba da ƙusa ba

Kada a buga ƙusa a ƙasar soro, kowace ƙusa hanyar ruwa ce. A ɗaura waya a jikin kwandon, a zura ta cikin kafa, a fito da ita a maƙale a leɓen indararo na waje, a ja ta yi tauri. A ɗora faffaɗan dutse ko gutsuren bulo biyu a kan ƙafar kwandon, can gefe, ba a kan hanyar ruwa ba. Da haka iskar hadari ba za ta ɗauke shi ba, kuma ran da ake son shara sai a kwance waya a ɗaga.

Mataki na 6: Ƙofar waje

An tare ganye daga sama, saura tsuntsu da ke shigowa ta waje. In indararon buɗaɗɗe ne kamar kwami, a lulluɓe samansa da raga a naɗe ta ƙasa. A bakinsa kuma a rataya ɗan marfin raga da zoben waya biyu daga sama kawai, ya ɗan fi bakin faɗi. Ruwa na ture shi ya buɗe, ya fita da ɗan abin da ya kuɓuce wa kwando. Mai zuwa daga waje kuwa in ya tura sai ya ƙara rufewa. Kada a ɗaure shi ta ko'ina, in ba haka ba an mayar da toshewa can inda hannu ba ya kaiwa.

Mataki na 7: Gwaji

A je lungun da ya fi nisa a juye bokiti ɗaya, a bi ruwan da ido. Duk inda ya tsaya, kwari ne da ke son ciko. Sannan a watsa ganye cikin tafi biyu a juye bokiti na biyu da ƙarfi. In wanda ke ƙasa ya ce ruwa na fita sosai, aiki ya yi.

In rufin kwano ne

Gidajen da suka sa doguwar magudana a bakin kwano don tarar ruwa, shimfiɗa raga ake yi musu. A yanka ta dogaye, a cusa gefe ɗaya ƙarƙashin bakin kwano, ɗayan a kalmashe shi a leɓen magudana a ɗaure da waya duk bayan taƙi biyu. Ta bi gangaren rufin, kada ta yi ciki, don ganye ya zame ya faɗo da kansa. Inda yanki biyu suka haɗu, ɗaya ya hau ɗaya da yatsa uku. Kada a haɗa da wayar tagulla, tana sa kwano ya ci da wuri. Bakin duro ma a rufe shi da ragar sauro.

Raga biyu, lokaci biyu

Mai ƙananan ido na tare tartsatsi da audugar rimi, amma laka na toshe ta nan da nan. Mai manyan ido na barin ruwa ya wuce, amma tartsatsi ma na wucewa. Don haka a raba musu aiki. Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, a share rufi, a lulluɓe kwando da bakin kafa da mai ƙananan ido, a toshe da ita duk wata kafar iska da ke ƙarƙashin kwano. Harawa da kara a nesanta su da wurin. A cikin Afrilu, kafin ruwan fari, a cire ta daga kan kwandon soro a naɗe a ajiye. Wanda ya manta da ita har hadari ya haɗo, shi ya toshe indararonsa da hannunsa.

Da damina kuma, bayan kowane babban ruwa, in rufi ya sha iska, a leƙa a kwashe abin da ya taru. Raga ba ta sallami tsintsiya daga aiki ba. Abin da ta yi kawai shi ne ta tsayar da shara a fili, inda ido ke gani hannu ke kaiwa, maimakon cikin maƙogwaron bango. Sauran aikin na mai gida ne. Ladansa kuwa zai karɓa a daren da aka kwana ana ruwa, ya farka tsakar dare ya kasa kunne, ya ji indararo na ta zuba, ya ja mayafi.